Tukunya a Akwatin Malam

Shekara ashirin da bakwai Maman Kicin ta yi tana dafa wa ɗalibai abinci a makarantar kwana, su ne ma suka laƙaba mata wannan suna har ya bi ta gida. In ta sauke tukunyar makaranta ta dawo ta ɗora ta gida. Ba ta iya tuna ranar da ta ci abinci da zafinsa, kullum sai kowa ya ƙoshi sannan ta kankare gindin tukunya a tsaye. Shi ya sa da ta yi ritaya, Auta, 'yarta mai aikin jinya, ta shirya musu hutun kwana uku a tsibirai, ita Maman Kicin da mijinta, ta kuma kafa sharaɗi guda.

"Mama, ko ruwan zafi kar ki ɗora. Ki zauna a kawo miki."

A kawo mata! Sati biyu tana juya maganar nan a ranta tana murmushi ita kaɗai. Teku bai dame ta ba, jirgi bai dame ta ba. Abin da take so kawai ta zauna a kujera, wani ya sha hayaƙi, ya ajiye faranti a gabanta.

Mijin, tsohon makanike, wanda take kira Malam, shi ya haɗa akwatinsa da kansa, ya hana kowa taɓawa. Har daɗi ta ji, ta ce ashe tsufa na gyara mutum. A bakin ruwa sai da mai kwale-kwale ya yi nishi kafin ya ɗaga akwatin, ya tambaya ko duwatsu ne a ciki. Malam ya yi dariya ya kau da kai.

Ɗakin da aka ba su a masauki tagarsa na kallon teku. Ruwa shuɗi shar, farin yashi, itatuwan kwakwa, can gefe kuma rumfunan masu gasa kifi suna ta hayaƙi. Tana tsaye tana shaƙar ƙamshin nan sai ta ji ƙwaram a bayanta. Ta waiwayo. Malam ya buɗe akwati a kan gado yana jera kaya: ƙaramin murhun lantarki, shinkafa a leda, albasa, mai a gora, gishiri, ludayi, kula. Sai ga tukunyarta, tata ta gida, mai kunne ɗaya.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ke ma kin san cikina bai saba da girkin waje ba."

"Riga nawa ka ɗauko?"

"Biyu. Ba wuri."

Kai, jama'a! Mutum ya bar rigunansa don tukunya ta samu wuri! Ta ce masa Auta ta ce a huta, ya ce ai girkin mutum biyu ba aiki ba ne ga wadda ta saba da ɗaruruwa. Har da yabo ya haɗa mata, wai duk duniya ba hannu irin nata. Da ma zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ta rantse ba za ta ɗora ba. Shi kuwa ya yi mirsisi, ya zauna bakin gado, ya fito da ƙwayoyin ciwon sugansa ya jera a tafin hannu yana kallo. Ya san ba a shan su da yunwa, ya kuma san ta sani. La'asar na yi sai ga Maman Kicin a banɗaki tana wanke shinkafa a wurin wanke hannu. Da yake an hana girki a ɗakunan, Malam ya cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa don kar ƙamshi ya fita, ya rufe tagar ma. Ta tsuguna a ƙasa kusa da soket tana yanka albasa, teku na can bayan labule. Hawayen da ta yi ta ce na albasa ne, amma na baƙin ciki ne.

Washegari aka kai su tsibiri na biyu. Wuri ne mai kyau, ba ƙarya, ruwan har ana ganin ƙananan kifaye suna zagaya ƙafar mutum. Da rana sauran matafiya suka nufi wata rumfa inda ake fasa kwakwa ana gasa jatan lande da kifi a kan garwashi. Aka zazzauna, faranti na ta wucewa ta gaban Maman Kicin. Malam ya ja ta gindin wata bishiya ya miƙo mata kular da ya sa ta cika da asuba.

"Zuba mana."

Tana zubawa mai kwale-kwale ya leƙo, ya ga ludayi a hannunta, ya ce, "Hajiya, sayarwa kike? A sa mini."

Malam ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "Ka gani ko? Ko'ina ta je sai an gane ta!"

Nan wayar Auta ta shigo. Kafin Maman Kicin ta goge hannu Malam ya riga ya ɗauka. "Lafiya lau, 'yar albarka. Mamanki na nan tana hutawa, sai ci take yi." Ya kashe wayar ya ci gaba da loma.

Maman Kicin ta cika ta yi fam. Ba dariyar mai kwale-kwale ce ta fi ƙona ta ba. Abin da ya ci mata rai shi ne Malam bai san ya yi ƙarya ba, shi har zuciyarsa gani yake hutawa take.

Rana ta uku, wadda daga ita sai komawa gida, ya idar da sallar azahar ya ce, "Yau ki ɗan ƙara albasa, ta jiya ba ta ji ba."

Ta ɗauki mayafinta ta saka takalmi.

"Ina za ki?"

"Cin abinci."

"To ni fa?"

"Ga murhu, ga tukunya, ga soket. Kai da ka kwance injin mota ka mayar, shinkafa ce za ta gagare ka?"

"Ke, ni kike faɗa wa haka?"

"Kai fa, Malam. Shekara talatin da uku ban taɓa ce maka na gaji ba, sai ka ɗauka ba na gajiya. 'Yata ta ba ni kwana uku, uku kacal, ka cinye biyu. Wallahi wannan ɗayan nawa ne."

Ta janye tawul ɗin da ƙafa ta fice.

Rumfar da ta zaɓa ta wata mata ce ƙaƙƙarfa, ta ɗaure kai da tsumma, gumi na zuba tana fifita garwashi da murfin roba. Ba sa jin yaren juna. Maman Kicin ta nuna wani babban kifi da yatsa, matar ta nuna mata benci. Ta zauna. Ta ga garwashin ya yi yawa a gefe ɗaya, ta ga wutsiyar kifin za ta ƙone, bakinta har ya buɗe zai yi gyara. Ta rufe shi ta juya wa murhun baya.

Ba a jima ba ta hango Malam yana tahowa cikin yashi, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata, fuska a murtuke. Ya zauna a ɗaya gefen teburin, ya ajiye ƙwayoyinsa a inda za ta gani. Ta ɗaga wa matar yatsu biyu, ba ta ko dube shi ba.

Aka kawo. Kifi guda a gabanta, guda a gabansa, da shinkafa da yankan lemun tsami, mai na tsartsatsi a jikin fatar. Matar ta matso mata da ruwan wanke hannu, ta ɗan dafa kafaɗarta ta koma bakin wuta. Dafawar nan kaɗai ta kusa sa ta kuka.

Malam ya zura wa nasa ido. Ya juya farantin dama, ya juya hagu. Tun da suka yi aure bai taɓa ganin kifi da ƙayarsa a gabansa ba, ita ke zare masa tsaf ta tara masa tsoka a gefe. Ya turo farantin wajenta da ɗan yatsa.

"Ƙayar fa?"

Hannunta ya tafi da kansa, har ya taɓa bakin farantin. Ta dube shi, hannun nan mai tabon ƙuna da kanta, ta ji haushinsa ya fi na Malam. Ta mayar masa da farantin gabansa.

"Daga wutsiya ake farawa. Ka bi a hankali."

"In ta maƙale mini a wuya fa?"

"Akwai asibiti a bayan masauki. Na tambaya."

Ya daɗe yana kallonta, ita kuwa ta yi bisimilla ta ɓare fatar kifinta, tururi ya taso ya buge ta a fuska. Ta kai loma. Zafin ya ƙona mata harshe har idonta ya kawo ruwa, ba ta hura ba, ta ƙara wata. Can ta ji ya ja farantinsa, yana tsintar ƙaya da manyan yatsunsa yana tsaki ƙasa-ƙasa. Ba ta ɗago ba sai da ta cinye.