Muryar Habboba a Lasifika

Har yau in na tuna Alamin raina ɓaci yake. Ɗan baffana ne, tare muka karanta kwamfuta, kuma tare muka fara naɗar muryar kakarmu, Habboba Sabuwa, a ƙauyenmu kusa da garin Hajj Abdalla, a yankin Jazira. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tako da ƙafa daga ƙasar kakanninmu can yamma, muna so ta ba mu labarin tafiyar har ƙarshe tun tana iyawa.

Muryarta ba ta fita sosai a waya. Na ce a bar ni in rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, da hannuna, ya auna naɗin ya ɗaga shi gaba ɗaya, inda ta yi ƙasa da murya ya zauna a ƙasa. Alamin ya ce ɓata lokaci ne, ga laburare a intanet, kod ɗin da wasu suka gama rubutawa, ɗauka kawai za a yi. Na tambaye shi ko ya san abin da yake yi wa sauti. Ya ce duniya duka da shi take aiki, sai ni sarauniyar taurin kai.

Ranar sunan 'yar yayata Lami ya jona lasifika a tsakar gida don a ji naɗin, bai ko saurara da kunnensa ba tukuna. Ashe laburaren nasa duk inda murya ta kwanta sai ya ɗago ta. Habboba kuwa, kamar matan zamaninta, ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Babana ke nan. Ana cikin naɗin ya wuce da tari, ta yi masa addu'a can ƙasan maƙoshi, ita da Ubangijinta. Sai ga shi ya fito tangaram gaban surukai da maƙwabta: "Allah ka bar mini Nuraddeen."

Matasa suka kwashe da dariya. Babana ya sunkuyar da kai. Habboba ta ja tobin da ta lulluɓa da shi ta rufe fuska, aka kama ta zuwa ɗaki.

Washegari Alamin ya je wurin Habboba da wayarsa, wai gyaran minti ɗaya ne.

"Halas, ya isa, ɗan nan," ta ce. "Abin ga da ka jin zuciyar mutum, shi ƙarasa muku."

Na rubuta nawa kod ɗin, yana aiki lafiya lau. Na kai mata, ta sa mini albarka, ta juya ga bango. Labarin tafiyar yana nan tsaye a garin Fashir, tana 'yar ƙarama a kan jaki, ba su iso Jazira ba.