Fasfona a Durowar Sanda

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Turanci a wata sakandare a Gwale kafin Alhaji Sanda ya kira ni Dubai. Layi ɗaya muka taso da shi, tuwon Ummata kuwa ya ci shi har ba adadi. Yana da shagon haɗa kaya a Murshid Bazaar: 'yan kasuwar Kano su sayi atamfa da takalma da turare, mu ɗaure, mu rubuta sunan mai kaya, mu loda a kwantena. Yana neman wanda zai riƙa cika masa takardu da Turanci, shi ne ya tuna da ni.

Ranar da na sauka ya miƙo hannu, na ba shi fasfona, ko tunani ban tsaya yi ba. Haka muka gada, baƙo in ya sauka sai ya danƙa wa mai masaukinsa abin da ya fi tsoron ya ɓace. Ya jefa shi cikin durowar ƙarfe tare da na sauran ma'aikata, ya kulle. Har godiya na yi masa, kai ka ji sakarai.

Wata Talata da safe ƙanwata Hadijatu ta bugo waya. An kwantar da Umma a asibiti, ƙoda ce, kuma sunana kawai take kira. Na ajiye biro na nufi Sanda.

"Subhanallahi, Umma?" Ya dafe ƙirji. "Malam, ka ga rashin sa'a, jiya-jiyan nan na kai fasfonka ofis. An sake wa kamfani lasisi, dole a gyara bizar kowa. Shwayya shwayya, a hankali dai, kwana biyu ne inshallah."

Kwana biyu suka zama tara. Lokacin kayan Sallah ne, kwantena uku muke lodi. Kullum ina cika takardu, kullum ina tambaya, kullum amsa ɗaya: gobe. Har cewa ya yi kada in riƙa yawan kiran Umma ina tayar mata da hankali, shi zai yi mata bayani. Na ji daɗin wannan ma, wallahi.

A rana ta tara Sanda ya tafi unguwar Port Saeed, nan cikin Dubai. Rabiou, wani dattijo ɗan Maraɗi da ke tuƙa mana motar kaya, zai je sabunta lasisin tuƙi, sai Sanda ya bar masa makulli ya ɗauki nasa fasfon. Ina zaune ina aiki, sai tsohon ya juyo daga durowar ya miƙo min wani fasfo.

"Mon frère, ɗan'uwana," ya ce, "wannan ba fuskarka ba ce?"

Fasfona ne, a ƙasan tulin, an ɗaure shi da roba. Ba inda ya je. Na buɗe shi, idona ya sauka a kan rubutun nan da ke roƙon hukumomin duniya su bar mai wannan littafi ya wuce "without let or hindrance". Sau nawa na koyar da shi a aji! Nakan ce wa ɗalibai, "let" ɗin nan tsohuwar kalma ce, ɗaruruwan shekaru da suka wuce ana nufin cikas da ita, a tare wa mutum hanya. Turawan da kansu sun yar da ita, ba ta saura ba sai a bakin lauyoyi, da fasfo, da filin tanis in ƙwallo ta taɓa raga. Ni duk zatona sojan kan iyaka ake roƙo, ko wani baƙon jami'i mai ɗaure fuska. Ban taɓa kawo wa raina ɗan layinmu ba.

Da yamma Sanda ya dawo, na ɗaga masa fasfon a gaban kowa.

"Alhaji, wane ofis ne wannan? Ofishin durowa?"

Ko kunya bai ji ba. "Haba Malam, ka sassauta murya. In ka tafi wa zai cika min takardun kwantena uku? Kayan mutane ne fa. Ai gobe ake gamawa, da kaina zan kai ka filin jirgi."

"Uwata, Sanda! Matar da ta wanke maka ƙurajen kai!"

"Na yi magana da ita, jikin da sauƙi. Khalas, magana ta ƙare mana."

Ban san sanda na watsar da takardun a ƙasa ba. Rabiou ya ja ni waje, ya ce in hau mota ya kai ni wurin masu tikiti. Akwai jirgi washegari da safe. Na saya, na fito, na tsaya a bakin titi na kira Hadijatu in yi mata albishir.

Kuka na ji a bayanta, na mata da yawa.

"Yaya, yanzu nake shirin kiran ka. Ana kiran sallar la'asar ta cika."

Na durƙusa a wurin. Da ƙyar na ce, "Kin faɗa mata fasfona aka riƙe? Ta san ba ƙin zuwa na yi ba?"



"Na faɗa mata. To shekaranjiya Alhaji Sanda ya kira ta, ya ce ba maganar fasfo ba ce, kai ne ka ce a bari ka gama lodi tukuna, kunyar faɗa mata kake ji. Ba ta ƙara kiran sunanka ba, Yaya. Sai ɗazu ta ce in gaya maka ta yafe, ka gama aikinka a hankali."