An Adana

Baba ne ya raɗa musu sunayen, kuma suka bi su har wurin aiki. Babban ɗansa shi ne Na Baya, don aikinsa yana can inda ba a gani, wajen babbar kwamfutar da ake kira sabar da rumbun bayanai. Ƙaramar 'yarsa kuwa Ta Gaba, ita ce mai yin fuskar shafi, akwatuna da maɓallai da duk abin da ido ke gani. Baba yakan ce ya haifi mutum biyu, ɗaya na dafawa ɗaya na zubawa a kwano, amma ko shayi babu mai iya haɗa masa.

Shi Baba malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Shekara talatin da ɗoriya yana tara kalmomi a kan kati, kowace kalma da katinta, da ma'anarta, da misalin da ya ji a bakin wani. Katunan suna cikin kwalayen takalma goma sha bakwai a ƙarƙashin gado, inda gara ta fara yi musu sallama. Mama ta yi mita har ta gaji. Sai 'ya'yan suka ce za su yi masa shafin intanet, ya riƙa shigar da kalmomin da kansa.

A sati biyu suka gama. Suna cikin aikin ne Na Baya ya tambayi mahaifinsa ko kalma ɗaya takan sami kati biyu.

"Haba," in ji Baba. "Rubutu ɗaya, kati ɗaya. Ko ma'anarta goma ce, duk a nan nake jera su."

Ai kuwa Na Baya ya kafa wa rumbun doka: kalmar da ta riga ta shiga, kada ta sake shiga. In ta sake zuwa, a ƙyale ta shiru, ba sai an tayar wa tsoho da hankali ba. Ya kuma yi wata dabara da ya ji daɗinta ƙwarai. Tunda wayoyin mutane da yawa ba su da haruffa masu lanƙwasa, ya sa a riƙa ajiye kwafin kowace kalma an miƙe mata lanƙwasarta, don mai nema ya samu ko da wane irin madannai ya rubuta. A kan wannan kwafin ya ɗora dokar, saboda shi ne ya fi kusa da hannunsa a ranar.

Ta Gaba kuma ta yi akwati biyu manya, da maɓalli ɗaya, da layin haruffa masu lanƙwasa a sama don Baba ya taɓa. In ya danna, koren rubutu ya fito: *An adana.* Sun gwada da kalmomi biyar, duka suka shiga, suka tafa. Shafin nema suka ce sai an gama shigarwa.

Shekara ɗaya da rabi Baba ya yi yana bugawa da yatsa guda, kullum bayan karin kumallo, tabarau a kan hanci. Harafi bayan harafi yake bi, ba ya tsallake, ba ya waiwaye. Duk katin da ya ga korensa, sai ya jefa a kwandon da ke gefe, Mama ta kwashe ta hura gawayi da su. Ya kai tsakiyar harafin T, wata safiya ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta tafi tare da shi.

Wata biyu bayan haka, Na Baya yana ofis, fanka na kaɗa takardu, abokin zamansa na cin gyaɗa yana zuba ɓawon a murfin kofi, sai ga wayar Ta Gaba.

"Yaya, na haɗa shafin neman nan, ina so in nuna wa Baba ko zai ji daɗi. Amma rumbunka yana da aljanu."

"Naki shafin dai. Me ya faru?"

"Na nemi ƙaya, ya ba ni kaya."

"To ai haka na tsara. Duba ƙasa, za ki ga ɗayar."

"Babu wata ɗaya. Ƙasar ma da ka faɗa na nema, kasa ya ba ni. Na nemi ƙafa, ya ba ni kafa. Yaya, baƙi ma babu."

Ya kashe wayar, ya buɗe rumbun, ya jera kalmomin bisa lambobinsu. Rumbun yana ba kowace shigarwa lamba, ɗaya bayan ɗaya, kuma ya daɗe yana ganin wasu lambobi sun yi tsalle, daga ɗari huɗu da shida a faɗa ɗari huɗu da takwas. Ko a jikinsa, don rumbu yakan yi haka. Yau ya ƙirga guraben. Ɗari biyu da goma sha huɗu.

Abin a fili yake, ko makaho ya shafa ya gane. Kaya ta riga ta shiga, da ƙaya ta zo aka miƙe mata lanƙwasa, rumbu ya ce ai na san ki, ya watsar. Sabar ta amsa cewa lafiya lau, tunda shi ya ce kada a tayar da hankalin kowa. Shafi ya nuna kore. Baba ya jefa kati a kwando.

Ta Gaba ta iso ofis kafin azahar, mayafi a karkace, ta ja kujerar mai gyaɗa ta zauna.

"Ba kana da ajiyar kwafi ba? Kullum cika baki kake, wai kowace rana sai ka kwafe rumbun."

"Ina kwafe abin da ya shiga. Waɗannan ba su taɓa shiga ba."

"Kai, Yaya! Wane irin mutum ne zai ce a yar da abu a yi shiru?"

"Ke kuma wace irin mutum ce za ta rubuta an adana ba ta tambayi ko an adana ɗin ba? Amsar sabar tana ɗauke da adadin layin da ya shiga. Sifili take cewa. Kin taɓa karantawa?"

"Kai ka ce mini in na ga amsa ta dawo lafiya, shi ke nan."

Mai gyaɗa ya tattara ɓawonsa ya fita shan iska. Gaskiya kowannensu ya faɗa, kuma ba ta dawo da ko kati ɗaya ba. Da a cikin kalmomi biyar ɗin nan na gwaji sun saka kura da ƙura, da tun ranar farko an wuce wurin.

Saura wuri ɗaya. Sabar tana da rajista inda take rubuta duk abin da aka aiko mata, amma Na Baya, mai son tsabta, ya sa ta riƙa share abin da ya wuce kwana casa'in. Suka tona. Watan Baba na ƙarshe yana nan, suka tsamo kalma goma sha ɗaya. Saƙa ta dawo da ma'anarta, taɓa ta dawo har da misalin wata mai sayar da atamfa da ta ce kada a taɓa in ba za a saya ba. Ta Gaba ta yi dariya, sannan ta share ido da bakin mayafi.

Sauran ɗari biyu da uku sai dai hasashe. Tunda Baba a jere yake bi, gurbin kowace lamba yana nuna wadda ta ɓace. Na Baya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a takarda: ɓari, faɗa, ƙoƙo, ƙara. Da ya zo inda harafin D ya ƙare, ya ga gurbi guda kafin ɗabi'a. Katin farko ne na harafin Ɗ, kuma babu wata kalma da za ta zauna nan sai ɗa. Da marar lanƙwasa ce ta cinye ta.

A ranar ya gyara komai. Ya mayar da dokar kan ainihin kalmar, ya sa sabar ta riƙa faɗa da babbar murya in ta ƙi karɓar abu, Ta Gaba ta sa koren ba ya fitowa sai ya sake karanto kalmar daga rumbu. Aikin bai kai minti arba'in ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Da la'asar suka je gida. Mama na tsakar gida tana ninke wanki. Na Baya ya tsuguna ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya tambaya ko akwai katin da ya rage.

"Na kwandon? Ai sun daɗe da zama toka. Shi da kansa yake ce mini in kwashe, wai yara sun adana."

"Mama, ko kin tuna katin ɗa?"

Ta tsaya da zane a hannu. "Wannan ai shi ne na fitina. Asalinsa layi biyu ne. Da ya zo shigar da shi sai ya ce bai yi ba, ya ɗauko sabon kati, kwana uku yana rubutu yana gogewa, gaba da baya. Na leƙa, ya kife. Ya ce in an gama littafin kai za ka fara karantawa." Ta dube shi. "Ba ka gani ba?"

"Ban gani ba."

Baba yana ɗaki a kujerarsa ta kusa da taga, hannun dama a kan matashi. Ta Gaba ta tsaya a bakin ƙofa. Na Baya ya zauna a ƙasa, ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma jingina wa ƙanwarsa ba. Ya ce, "Baba, ni na yi. Na koya wa na'ura cewa ɗa da da abu ɗaya ne." Kunya ta ishe shi, don wannan kuskuren ne Baba ya shekara talatin yana ja wa 'yan aji jan biro a kansa.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Fuskar ba ta nuna komai ba, dama tun ciwon ba ta cika nunawa ba. Can ya ɗaga hannun hagu ya nuna jakar kwamfuta.

Aka ciro kwamfutar aka ɗora masa a cinya. Ya taɓa harafin mai lanƙwasa a layin sama, ya taɓa a. Ya gangaro akwatin ma'ana. Hannun hagu bai saba ba, yana buga harafi ya goge, ya sake. Mama ta shigo ta fita sau biyu. Abin da ya cika kati gaba da baya, yanzu layi ɗaya ya iya: *wanda ka yarda da shi.*

Ya danna maɓalli. Koren ya fito.

Baba ya kalli koren, ya kalli ɗansa, sannan ya nuna ƙarƙashin gado da haɓa. Na Baya bai gane ba sai da Ta Gaba ta ce, "Kati yake so, Yaya." Ya jawo kwalin ƙarshe, ya zaro farin kati, ya kwafe kalmar da ma'anarta da biro, ya kula ƙwarai da lanƙwasar. Ya miƙa.

Baba ya kawo katin kusa da tabarau ya duba harafi bayan harafi, kamar yadda yake duba aikin 'yan aji. Da ya gamsu, ya tura shi cikin aljihun rigarsa, ya dafe da tafin hannu.