Iyo a Cikin Baho

"Baba, cire wannan abu a kunnen yarinya na. Na manya ne, na gaya maka."

Fibi ce ke magana, hannunta duk kumfar wanki. Baba Deribe ko ɗagowa bai yi ba. Yana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya miƙe ƙafafun nan nasa da suka kumbura suntum, yana feƙe wata 'yar roba shuɗiya da reza. Ɗayar robar tana kunnen Selina na hagu, yarinyar sai juya kai take yi tana yaƙe baki, ita a dole ta samu 'yan kunne.

"Shi ya sa ina rage shi," ya ce. "Maman Selina, ki bar ni da aiki na."

Matoshin kunne ne irin na masu iyo, guda biyu, da wani ɗan abin matse hanci mai kama da abin danne shanya a igiya. A wajen 'yan gwanjo tsohon ya tsinto su, ya tafasa su a tukunyar shayinsa, ya zo yana nuna wa kowa kamar wanda ya tsinci zinariya.

Gidan haya ɗaya suke a gangaren Jimeta, inda kowace damina kogin Binuwai ke leƙo ƙofar mutane. Selina tana goye a baya ranar da bam ya tashi a kasuwa. Fibi ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma mijinta Wilson, wanda ya ɗan yi gaba don ya tsayar musu da keke, bai dawo ba, dodon kunnen jaririyar na hagu kuma ya fashe. Tun daga nan, in ruwa ya shiga kunnen sai ya kama zubar da mugunya, zazzaɓi ya biyo baya. Likita ya ce a kiyaye shi da ruwa. Fibi kuwa ta kiyaye shi fiye da yadda aka ce mata. Yarinya ta kai shekara tara a bakin kogi ba ta taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwarta ba, ko wanka sai an toshe kunnen da auduga da basilin.

Baba Deribe masunci ne daga bakin Tafkin Chadi. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu, jama'a ruwa suka faɗa. Shi ruwa gidansa ne. 'Ya'yansa mata biyu ne bai taɓa koya musu ba, don a lokacin yana ganin iyo ba na mata ba ne. Shi kaɗai ya fita a tsibiri. Sau ɗaya ya ba Fibi wannan labari, bai ƙara ba, sai dai duk sanda ya ga Selina ta tsallake kwata tana tattare siket, fuskarsa takan canza.

"In ruwa ya shigo gida, za ki tsaya neman auduga?" ya tambaye ta ran nan, yana hure robar da ya feƙe. "Ki bar yarinya ya koyi iyo. Ko kai kawai ya iya riƙewa a sama."

Fibi ba mai yarda da magana ɗaya ba ce. Ta kai wa mai kemis robar, ya jujjuya ta ya ce ta manya ce, in an rage ta kuma tana iya zurmawa ciki. Ta tambayi wata nas a cocinsu, ita ta ce akwai na yara masu laushi, amma ba ta taɓa ganin su a Yola ba, kuma ko da su kada yarinyar ta yi nutso. Abin hancin ne kawai ba wanda ya kushe, sai Selina da ya bar wa jan shati a karan hanci. Fibi ta dawo gida kanta ya fi ɗaurewa. A daren nan rediyo ya ce za a saki ruwan dam daga Kamaru, masu zama a bakin kogi su tashi. Su tashi zuwa ina, rediyon bai faɗa ba. Da safe ita da kanta ta miƙa wa tsohon yarinyar.

Sai dai malamin ba ya iya kaiwa ko bakin layi, balle kogi. Don haka makaranta ta koma bahon wankin Fibi, wani tsohon baho na ƙarfe. Selina takan durƙusa, ta toshe kunnuwa, ta maƙala abin hanci, ta tsoma fuska. Da farko na hagun kawai aka toshe, amma da ruwa ya yi ƙugi a na daman sai ta zabura, dole aka toshe duka biyun.

"To yanzu in na kira yarinya na, yaya zai ji?" Fibi ta ce. Wannan ne abin da ya fi tsaya mata a rai.

"Zai ji wannan." Baba Deribe ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa gefen bahon. Ƙarar ta bi ruwa, Selina ta ɗago tana dariya. Ya zare mata matoshi ɗaya. "Hajiya Selina, sai na buga za ki ɗago. In kin riga sanda na, babu kifi yau."

"Kaka, ai ko ka yi barci ba zan ɗago ba!"

Taurin kan ubanta ta ɗauko, bai bar mata komai ba sai shi. Ba ta taɓa riga sandar ba.

Fibi tana kallo, zuciyarta na ciwo, don ta san tsoma fuska a baho ba iyo ba ne. Shi ma ya sani. Kullum in an gama sai ya ce, "Ranar da ƙafa na ya saɓe, sai kogi." Ƙafa ba ta saɓe ba. Kumburin ya hau har ciki, a asibiti aka ce zuciya ce, aka ba shi magani aka sallamo shi. Ya koma barci a zaune, don in ya kwanta numfashi ƙin fita yake yi. Ruwa kuwa ya cinye gonakin bakin gaɓa, ya zo gindin mangwaron ƙarshen layi, mutanen gidajen ƙasa suka kwashe kaya suka koma firamare. Bappa Hamajoɗa, mai gidan, ya jera buhunan yashi a ƙofa yana cewa bana ba zai kawo nan ba, amma awakinsa tuni ya aika da su Yola Gari.

Ranar Asabar bayan la'asar, Fibi na shanya, ta ji tsohon yana cewa a kawo baho.

"Baba, ka huta yau. Dubi yadda kana numfashi."

"Ruwa yana hutawa ne? Kawo."

Selina ta cika bahon da kanta, ta toshe kunnuwa, ta maƙala abin hanci. Ya gyaɗa mata kai, ta ja numfashi ta tsoma fuska. Fibi ta juya tana matse zane.

Sai ta ji sandar ta faɗi, amma ba a jikin baho ba, a kan tabarma.

Ta waiwaya. Baba Deribe ya jingina kai da bango, bakinsa a ɗan buɗe, idonsa na kallon igiyar shanya. Fibi ta san wannan kallon, ta gan shi a kasuwa.

"Baba? Baba!"

Sannan ta tuna da yarinyar. Selina tana nan a durƙushe, ta damƙe gefen bahon da hannu biyu, bayanta yana karkarwa, 'yan kumfa na tasowa ta gefen kumatunta. Jira take yi.

"Selina! Selina, tashi!"

Ko motsi. Fibi ta zubar da zanen ta ruga, ƙafarta ta yi tuntuɓe da sandar, ba ta san lokacin da ta ɗauke ta ta maka wa bahon ba.

Selina ta ɗago tana haki, ruwa na tsiyaya daga gashinta, idonta a rufe gam. Da ƙarfi ta yi magana, irin ta wanda ba ya jin muryar kansa.

"Kaka, yau na daɗe ko? Na fi kullum! Gobe kogi ko?"

Bappa Hamajoɗa ya fito daga ɗakinsa da buta a hannu, ya tsaya cak, ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Matan gidan suka fara fitowa, wata ta ɗora hannu a ka ta saki kuka. Selina ba ta ji ko ɗaya ba, tana ta murzar ido tana murmushi, tana jiran a yaba mata.

Fibi ta durƙusa a gabanta, ta tare tsakaninta da tabarmar. Ta cire mata abin hancin. Ta kai yatsu ga 'yar robar da ke kunnen dama, ta taɓa inda reza ta bi, sai ta janye hannunta ta bar ta a wurin. Ta jawo jiƙaƙƙen kan yarinyar ta kifa a ƙirjinta, sandar na nan a ɗaya hannun, ruwan bahon yana ta kaɗawa har ya kwanta.