Makulli a Haɓar Zane

Motar ta tsaya a bakin hanyar Azarori, Ezekiyel ya riga kowa sauka, ya miƙa wa matarsa hannu. Esther ta sauko a hankali, tana dafe da cikinta inda aka yi mata aiki. Ya ɗora tabarma da buhun kwanoninsu a kai, suka kama hanyar gari.

"Ni dai na ci amanar gidan ga bana," in ji ta.

"Taka sannu, uwar Murna. Ɗinkinki bai warke ba."

Tun suna asibitin mishan take wannan magana. Ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata, a ranar aka yi ruwan shuka, ruwa mai yawa har da ƙanƙara. Duk mai jinyar da yake da gona ya naɗe tabarmarsa ya nufi tasha, shi kuwa Ezekiyel ya zauna. Irin hatsinsa, zangarnun da ya zaɓa ɗaya-ɗaya tun kaka, yana rataye a ƙaramin ɗakin Esther, ɗakin kuma a kulle. Makullin yana ɗaure a haɓar zanenta, inda ya saba zama shekara da shekaru. Zanen ya bi kayan wankin asibiti, ba a gano shi ba sai da ƙasa ta bushe.

A ranar, maƙwabcinsa Muntari ya kira shi a waya, ya ce ga shi da sungumi zai shuka masa gona, ina iri? Ezekiyel ya ce ya fasa ƙofar. Muntari ya ƙi. Ya ce shi ba ya fasa ɗakin mace tana kwance hannun likita, sai ka ce an zo rabon gado.

Ezekiyel ya kashe wayar ya zauna a baranda, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigar masa hanci. Ga mata a ciki bai san halin da take ba, ga abincin shekara yana wuce shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ubangiji, matar taka ce, gonar taka ce. Ni na gaji da riƙo." Bai ji wata murya ba, ba a kuma fito an ba shi labari ba. Sai dai ƙirjinsa ya saki, har ya ji yunwa, ya buɗe kwano ya ci tuwon da ya ƙi ci tun safe. Wannan salamar ba ta bar shi ba har yau, ko da yake bai san yadda zai yi wa Esther bayaninta ba.

Da suka kai gonakin farko ya rage tafiya. Ya ji labari ruwa ya ɗauke tun wancan na farko, amma bai zaci haka ba. Layi-layi, shukar da ta tsiro ta ƙone, ta zama kamar gashin masara, wasu ramukan ma rairayi ya rufe su. Gonar Muntari haka, ta gabanta haka. Tasa ce kaɗai ba ta da abin da zai mutu a cikinta.

Sun tarar da Muntari a ƙofar gida yana gyaran ƙotar sungumi. Ya miƙe tsaye.

"A'a! Maraba da masu makulli! Esta, kin tashi? Alhamdu lillahi."

"Na tashi, Malam Muntari. Mun gode Allah."

Matarsa Furera ta fito da ƙwaryar fura, ta rungume Esther ta gefe don kada ta taɓa ciwon. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka sha, aka yi gaisuwa mai tsawo. Sannan Ezekiyel ya ce, "Na ga gonaki."

"Ka gani ke nan." Muntari ya shafa gemu. "Ruwan ya ruɗe mu. Munka ce damana ta zauna, munka zuba iri duka. Abin da ya rage cikin rumbu kuwa ka san inda ya tahi, yara sun ci."

"Irin kasuwar Madawa hwa?"

"Haba, Zakiyel. Wannan garwaye ne, haɗe-haɗen iri, wa ya san daga ina ya hito? Ka shuka shi nan ƙasar tamu, ya yi ta ganye har ruwa ya ƙare." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kai dai taurin kaina ya yi maka rana. Da na hwasa ƙohwar nan, da yanzu muna zaune tare muna kallon sama."

Duk suka ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗa ganyen itacen bedi.

Ezekiyel ya san yawan irin da ke ɗakin: daidai gonarsa, ba ƙari. In aka raba, kowa rabin gona zai shuka, rabin gona kuwa ba ta kai gida ga wata kakar. Ya saurari ƙirjinsa ko tsoron nan zai dawo. Bai dawo ba. Ya dubi matarsa, ya tarar ita ma shi take kallo, idanunta cike da hawaye.

Esther ta jawo haɓar zanenta. Ƙullin ya yi tauri da wanki, sai da ta sa haƙori. Ta miƙa wa Furera makullin.

"Buɗe, Hurera. Ki ɗauko turmi, mu sussuke, mu raba biyu."

"A'a, Esta, wannan naku ne," in ji Muntari. "Allah ya aje muku shi."

"Ya aje dai," in ji Ezekiyel. "Amma a hannunka ya aje, kai da ka ƙi hwasa ƙohwa. Tashi ka ƙarasa gyaran sungumin ga, ruwa ba ya jiranmu."

Furera ta buɗe ɗakin, ƙamshin hatsi da toka ya fito. Ta juyo za ta mayar da makullin, Esther ta girgiza kai.

"Bar shi nan jikin ƙohwa."

Ɗigon farko ya faɗo a kan tabarma, tsakanin ƙafafun Ezekiyel. Ya dube shi yana bazuwa cikin kaba, ya ce a hankali, "Na gode, Uba." Sannan ya tashi ya je kama wa mata turmi.