Tsamin Nonon Yelwa

A can wata duniya bayan taurari, in malamansu za su koyar da yadda aka fara komawa cikin kwanakin da suka wuce, da Keffi suke farawa. Murna suke yi da labarin. Ni kam haushi yake ba ni.

Shekara biyu da shigar Nasara garin, Yelwa mai tallan nono ta kasa zama wuri guda. Tun ranar kasuwar da sojoji suka kama mijinta Jumare ya ɗaukar musu kaya, babu shi babu labarinsa. Ta sauke ƙwarya a Angwan Iya, kafin a taya ta ɗauke, ta miƙi hanyar Panda, ta dawo. Fatake har kauce mata suke yi saboda tambaya.

A bakin rafi wani baƙo ya same ta da hantsi, dogo kamar gora, fatarsa toka-toka. Da wata ce, da ƙafa me na ci ban ba ki ba. Yelwa kuwa tambayarsa ta yi ko ya ga wani Bafulatani a hanya.

"Ban gan shi ba, baiwar Allah," in ji shi. "Kuma ni ba aljani ba ne, daga wata duniya nake. Mun ƙera tukunyar mayar da mutum ranar da ta wuce, shekara dubu ta ƙi aiki. Abu mai rai take so, wanda bai yanke ba tun daga ranar da ake nema. Mu kuwa komai wanke shi muke yi tas. Mene ne wannan mai ƙamshi a kanki?"

Yelwa ta sauke ƙwaryar. Kullum da ragowar nonon jiya take sa madarar yau ta yi tsami, na jiya kuma da na shekaranjiya, haka har zamanin kakarta.

"Ka kai ni safiyar da ya tafi," ta ce.

"Sau ɗaya ne, kuma numfashi kaɗan. Tsamin zai ƙone duka."

"Ya ƙone mana!"

Ya juye nonon a tukunyar ƙarfen. Kafin ta ƙifta ido ga ta a ruga. Surukarta Inno tana tatsa, dattawa na zaune kan buzu, Jumare kuma ya saɓa sanda, har ya wuce garke ya nufi gari.

Shekara tara da aure, Yelwa ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba.

"Kai! Wannan!"

Bai waiwayo ba. Ta haɗiye kunyar nan da aka raine ta da ita, ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Jumare! Ka dawo!"

Ƙwarya ta suɓuce daga hannun Inno. Dattawa suka sunkuyar da kai. Jumare ya ji, don ta ga wuyansa ya sandare. Amma wane Bafulatani ne matarsa za ta ƙwala masa suna a gaban uwarsa ya amsa? Sai ya ƙara sauri.

Ta tsinci kanta a bakin rafi, tukunya na hayaƙi, baƙon na tsalle don murna.

"Ta yi aiki! Kin gan shi? Ya ji ki?"

Yelwa ta zauna a kan yashi.

"Ya ji ni," ta ce. "Ɗan mutunci ne, shi ya sa bai juyo ba."