Shuɗiyar Odiel

Ranar Talata Zulma tana feren dankali a bakin ƙofa aka miƙo mata wata takarda. Kwana tara ke nan da binne mijinta Odiel. Karatunta bai yi nisa ba, sai da ta bi layin da yatsa: ƙungiyar masu tseren tattabaru ta goge sunansa daga allon zakaru, wai ya zubar mata da mutunci.

Mutumin da ya shekara talatin yana fitowa daga ramin kwal, ko fuska bai wanke ba sai ya hau tsani zuwa ɗakin tattabarunsa. A tseren da aka saki tattabaru daga garin Bordeaux, tattabararsa Shuɗiya ta riga kowace dawowa gida. Ya cire zoben robar ƙafarta ya jefa cikin agogon da ke buga lokacin isowa, ya ɗare keke zuwa mashayar da alƙalai ke zama. A kwanar coci ya faɗi, hatimin agogon ya tsinke. Zulma ce ta wanke masa gwiwa, ta san gaskiya. Su kuwa suka ce buɗewa ya yi ya mayar da lokaci baya. Bai ƙara taka mashayar ba, bayan sati shida zuciyarsa ta tsaya. Tutar da suke rufa wa akwatin gawar kowane ɗan ƙungiya, shi ba a kawo masa ba.

Ranar Lahadi bayan coci sai ga Firmin, shugaban ƙungiyar, hula a hannu.

“Zulma, ya ƙarin haƙuri? Na ce hawa tsani ba na shekarunki ba ne. Ki bar mini Shuɗiya in raba ki da wahala.”

“Wace Shuɗiyar? Wadda kuka ce agogo ne ya yi mata gudun?”

“Ai tsuntsuwa ba ta da laifi.”

“In Odiel maguɗi ya yi, tattabarar banza ce, ta miya. Me za ka yi da ita? In kuma ka san gudunta ne, ka ɗauki fenti ka mayar masa da sunansa.”

Firmin ya juya hular a hannunsa. “Kwamiti ne ya yanke.”

“Kwamitin naku ku uku ne, Firmin, biyu surukanka ne. Ranar da ɗanka ya yi amai a kan tutar nan, wa ya ce mutunci ya zube? Ni na wanke ta.”

Ya mayar da hularsa ya fita. Fentin bai taɓa ɗauka ba. Har yau in Zulma ta wuce tagar mashayar tana hango gurbin da aka kankare a allon.

Kullum da la'asar sai ta hau tsanin, ta girgiza gwangwanin masara kamar yadda Odiel yake yi. Da Shuɗiya ta sauka a bakin ɗaki, sai Zulma ta dubi agogon coci ta faɗi lokacin da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji.